Injiniyan da Ya Rantse Tantunansa Suna da Inshora

An yi wani mutum a nan yankinmu, mazaunin Sterling, can wajen filin jirgin sama na Dulles. Ba zan kama sunansa ba, sauran sunayen da za ku ji ma na sauya su. Wanda ya gane shi a cikinku ya riƙe bakinsa, don ba gulma ce ta tara mu ba.

Injiniya ne. Yana aiki a ɗaya daga cikin manyan gidajen nan marasa taga da ake jibge na'urorin kwamfuta, waɗanda kuke wucewa idan za ku ɗauko baƙo daga jirgi. Allah ya ba shi ilimi, ya ba shi gida, ya ba shi mace tagari mai suna Tayyiba, da ɗa guda, Haidar. Ba ya shan giya. Ba a taɓa jin sa da matan banza ba. Ranar Juma'a a sahun gaba za ka same shi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce a ransa, ai labarin lalatattu ne, ni ba ruwana.

Abin da mutumin nan yake so a duniya shi ne fita daji. Da bazara ta shigo zai loda tanti da risho a mota, ya ɗauki iyalinsa, su hau duwatsun Virginia su kwana biyu. Wata shekara ya haɗa da 'ya'yan abokansa. Yaran suka dawo suna ba da labari baki har kunne. Yaron da ba ya ɗaga kai daga waya ya dawo ya iya kafa tanti, ya iya hura wuta, ya yi sallar asuba a jam'i ba tare da an ja ƙafarsa ba.

Ya 'yan uwa, kun san damuwarmu a ƙasar nan. Ka yi wa ɗanka Hausa ya mayar maka da Turanci. To, ga wanda ya zo da magani. Iyaye suka yi ta kawo 'ya'yansu, daga Greenbelt, daga Laurel, har daga Baltimore. Yara suna kiransa Kawu. Da abin ya yi yawa sai ya sa kuɗin shiga, kuma babu laifi a wannan. Kaya suka ƙaru har sai da ya sayi tirela: ƙananan tantuna, jakunkunan barci, janareto, fitilu, tukwane. Sannan ga wani babban tanti da ya saya na hannu, wanda yara suka sa wa suna Zaure. A cikinsa ake cin abinci, a yi salla, a fake idan ruwa ya sauko. Manyan ƙarafa biyu ne suke riƙe da shi a tsakiya.

Matarsa ce ta fara yi masa magana. Ta ce, "Abban Haidar, abin nan ya wuce wasa. 'Ya'yan mutane ne a hannunka. Ka je ka tambayi yadda ake yi wa irin wannan inshora."

Ya je. Akwai wata baiwar Allah mai suna Constance, 'yar kudancin Kaduna, wakiliyar wani kamfanin inshora a Laurel, ita ta yi masa inshorar gidansa tun farko. Ta saurare shi, ta yi masa bayani da Hausa tsantsa. Ta ce, "Yallaɓai, idan kai da iyalinka kuka fita, aka sace tanti ko ya ƙone, inshorar gidanka za ta iya biyan wani abu. Amma daga ranar da ka fara karɓar kuɗin mutane, abin ya zama sana'a, ita kuma ta zare hannunta. Guda biyu kake bukata, ɗaya ta kayan, ɗaya ta mutanen da za su zauna a ƙarƙashin kayan. Ta biyun ta fi ta farkon, don tanti ana sake saye."

Ya ce a yi. Sai ta gaya masa sharaɗin kamfanin da zai karɓe shi. Za su turo mai duba kaya. Duk abin da ya tsufa sai an sauya. Kuma sai ya yi alkawari cewa da zarar an yi gargaɗin guguwa, zai kwashe yara ya kai su cikin gini ko cikin mota.

Nan fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ni injiniya ne. Wani yaro zai zo ya koya mini duba ƙarfe?"

Ya tashi ya fita.

Me ya tayar da shi? Ba kuɗin ba ne, yana da su. Abu biyu ne. Na farko girman kai. Na biyu wani abu da shi kaɗai ya sani: ɗaya daga cikin ƙarafan Zaure ya tsage a wajen mahaɗa. An daina ƙera irinsa, sauya shi yana nufin sayen sabon tanti gaba ɗaya, ga kuma lokacin fita ya matso. Sai ya samo baƙin salatif mai kauri ya naɗe wurin, ya jijjiga da hannu, ya ce wannan zai kai.

Da ya koma gida Tayyiba ta tambaye shi. Ya ce mata, "An gama." Ta yi hamdala, ta sa masa albarka.

Wannan ce ƙarya ta farko. Kalma biyu ce kacal. Ku riƙe ta, ku ga abin da za ta haifa.

Kafin fita, akan tara iyaye a yi musu bayani. A taron wannan shekarar akwai wata mata, Sa'adiya, daga Greenbelt. Mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya guda mai suna Afnan, yarinya da ba ta kai shiga sakandare ba. Aikin kula da tsofaffi take yi, tana fita tun kafin gari ya waye sosai. Ta ɗaga hannu cikin kunya ta ce, "Injiniya, ka gafarce ni da tambaya. Ita kaɗai gare ni. Idan Allah ya kawo wani abu, akwai inshora?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya! Wallahi akwai, cikakkiya ma. Ki kwantar da hankalinki."

Ya kama sunan Allah, ya 'yan uwa. A gaban mutane, a kan abin da ya san babu shi. Tayyiba tana gefe, ita ma ta dafa kafaɗar Sa'adiya ta ce, "Gaskiya ne, ni na matsa masa ya yi." Ita ba ta san an mayar da ita shaidar ƙarya ba.

Wani abin mamaki kuma, idan ya zauna da abokai aka taɓo zancen inshora, sai ka ji yana cewa ai raunin imani ne, mutum ya dogara ga Allah kawai. Ga iyaye harshe ɗaya, ga abokai wani harshen. Shin wannan tawakkali ne? Wanda ya san ƙarfe ya tsage, ya rufe shi da salatif, ya tara yara a ƙarƙashi, ga Allah ya dogara ko ga son zuciyarsa?

Aka fita a wannan shekara, aka dawo lafiya. Aka sake fita wata shekarar, aka dawo lafiya. Kowace dawowa sai zuciyarsa ta ƙara taurin cewa ai shi ne mai gaskiya. Haka mai saɓo yake ruɗuwa. Allah yana yi masa jinkiri don ya gyara, shi kuwa yana ɗauka an sa masa hannu ne.

Sai wata ranar Asabar a watan Yuli. Kun san zafin nan mai gumi da ake yi, iska ta tsaya cak. Bayan la'asar sama ta yi baƙi ta bayan dutse. Wayoyin manyan da ke wurin suka ɗauki ƙara a lokaci guda, gargaɗin guguwa mai ƙarfi. A cikin iyayen da suka zo taya shi akwai wani likita, Almu. Ya zo ya same shi ya ce, "Injiniya, mu kwashe su mu kai ginin banɗakunan can, na bulo ne. Ko kuma su shiga motoci."

Ya ce, "Likita, kada ka tsorata mini yara. Zaure ya ga abin da ya fi wannan. Kowa ya shiga ciki."

Almu ya sake magana. Injiniya ya ɗaga masa hannu. Waye zai ja da Kawu a gaban yara, shi da ya san daji, shi da ya san ƙarfe?

Yara suka shiga suna dariya, suna jin daɗin ƙarar ruwa a kan tamfol. Iska ta farko ta zo ta wuce. Ta biyu ta shiga ta ƙarƙashi ta ɗaga tantin, ta sake shi. Ƙarfen ya karye daidai inda aka naɗe. Zaure ya rufta.

Aka yi ta jawo yara daga ƙarƙashin tamfol cikin ruwa da laka. Wasu sun kuje, wani ya fasa goshi, wata ta karya hannu. Da aka ɗaga tsakiyar, sai ga Afnan kwance rub da ciki, rabin ƙarfen a kan bayanta. Ba ta kuka. Ta ɗago ido ta dubi mutumin nan, ta ce masa da 'yar Hausarta ta 'yan nan, "Kawu, ba na jin ƙafata."

Almu ya hana kowa ya motsa ta. Da iska ta lafa, jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke ta.

Ya 'yan uwa, a wannan lokacin ƙofar tuba a buɗe take. Da ya tsaya ya ce, jama'a, na yi muku ƙarya, ƙarfen nan na san ya tsage, babu inshora, ga gidana, ga duk abin da na mallaka, a yi wa yarinyar nan magani, da ya sha wuya, amma da ya tsira da wani abu a wurin Allah da wurin mutane.

Me ya yi? Hankalin kowa yana kan yara, shi kuwa ya ja guntayen ƙarfen nan biyu ya gangara da su rafi, ya jefa cikin ruwa.

Likitoci suka yi aiki a bayan Afnan, suka fito suka gaya wa uwarta cewa lakar ƙashin bayanta ta taɓu. Asibiti suka fara tambayar wa zai ɗauki nauyi, don inshorar aikin uwar ba za ta kai ko'ina ba a irin wannan jinya. Sa'adiya ta kira shi ta ce ya turo sunan kamfanin. Ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi.

Daga baya ya zo da kansa, da kwandon kayan marmari. Ya ja ta gefe a barandar asibiti, ya sassauta murya. Ya ce an samu matsala da takardu, amma akwai mafita. Zai kai maganar ga inshorar gidansa. Abin da ake bukata kawai, idan an tambaye ta, ta ce fita ce ta iyali da abokai, Afnan baƙuwarsu ce, ba ta biya ko sisi ba.

Ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Injiniya, ka rantse mini fa."

Ya ce, "Hajiya, yanzu ba lokacin wannan ba ne."

Ta ce, "So kake in yi ƙarya, 'yata tana kwance a can?"

Ya ce, "Ko ki faɗi haka, ko babu mai biyan komai. Ki zaɓa."

Ku dubi wannan zalunci. Ya karya mata 'ya, sannan ya zo ya ɗora mata zunubi, ya sa ta zaɓa tsakanin gaskiyarta da maganin ɗiyarta. Matar nan ta yi kuka har ta gaji, ta ce to.

Kuma bai tsaya nan ba. Da ya zauna faɗa wa kamfani abin da guguwa ta lalata, sai Shaiɗan ya ce masa, tunda ka shiga ruwa ai sai ka yi wanka. Ya haɗa da janareton da ke nan lafiya a garejinsa. Ya haɗa da tantunan da ko yagewa ba su yi ba. Zaure da ya saya na hannu ya ce sabo ne. Wanda ya fara da kalma biyu, ga shi yanzu yana ƙarya da tsari.

Kamfani ya turo mai bincike. Mai binciken bai sha wata wahala ba. Sanarwar fitar tana yawo a wayoyin mutane, da kuɗin shiga a jiki. Hotunan da iyaye suka yi ta yaɗawa shekara da shekaru suna nan, yara suna murmushi, a bayansu ga ƙarfe naɗe da baƙin salatif. Da ruwan rafi ya janye, ma'aikatan dajin suka tsinci guntayen a maƙale cikin duwatsu. Aka tambayi Constance, ta faɗi abin da ta gaya masa da amsar da ya ba ta. Aka tambayi Almu, ya faɗi abin da ya faru kafin guguwa.

Aka kira Sa'adiya. Tambaya ɗaya aka yi mata ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Saura kaɗan ita ma a haɗa da ita. Allah ya dube ta, hukuma ta gane tilasta ta aka yi.

Tayyiba kuwa a ofishin lauya ta ji gaskiya. Ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta ce masa, "Ka dawo ka ce mini an gama. Na sa maka albarka. Da hannuna na dafa matar nan na ce mata gaskiya ne." Ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta sake kwana a gidan ba.

Daga nan komai ya zube. Kamfani ya ƙi biya, ya soke inshorar gidan, ya miƙa maganar ga hukuma. Wata safiya ya je wurin aiki, ya kara katinsa a ƙofa, ƙofa ta ƙi buɗewa. Irin aikinsa ba a barin wanda ake tuhuma da zamba ya taɓa shi. Iyayen yaran da suka ji rauni suka shigar da ƙara. Aka sayar da gida, aka sayar da mota da tirela, abin da ya rage bayan banki da lauyoyi bai kai ya riƙe jinyar Afnan ba. Mu nan, a masallatanmu, aka yi ta yawo da kwali ana tara mata. Wasunku sun saka, ba su san labarin ba.

Kotu ta same shi da laifi, aka ɗaure shi. Mutumin da yara suke rububin riƙe wa jaka, ranar da aka yanke masa hukunci kujerun bayansa babu kowa.

Sannan ga wani abin da bai taɓa lissafawa ba. Shekarunsa da yawa a ƙasar nan da katin zama, bai nemi zama ɗan ƙasa ba, kullum sai ya ce sai ya samu lokaci. Ranar da ya gama zaman kurkuku, a bakin ƙofa jami'an shige da fice suke jiransa. Bai sake taka Sterling ba. Daga tsare sai jirgi.

Ya sauka gida da 'yar jaka guda. Ƙaninsa ya ba shi ɗaki a bayan gida. Yakan kira Haidar, yaron ya ga lambar ya kife wayar, don tare da Afnan suka tashi, kuma yana cikin Zaure ranar da ya faɗi. Hawan jini ya kama mutumin nan, ya rame, ya daina fita ko masallaci saboda kunyar tambaya.

Da ya ji jikinsa ya yi nauyi, sai ya nemi a haɗa shi da Sa'adiya a waya. Ta yarda. Ya yi kuka, ya faɗi laifinsa ɗaya bayan ɗaya, bai ɓoye komai ba, ya roƙe ta gafara. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Abin da ka yi mini, na yafe, don ina so Allah ya yafe mini ƙaryar da na yi. Amma ƙafafun ba nawa ba ne. Ka tambayi mai su."

Aka kai wa Afnan saƙo. Lokacin ta zama budurwa, tana zuwa makaranta a keken guragu. Ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani. Haƙƙinta ne, babu mai zarginta.

Kafin ta ba da amsa, aka bugo cewa ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya tafi da wannan a wuyansa. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba mu sani ba, muna yi masa fatan rahama. Amma mun san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai bawan ya yafe, kuma ranar da za a yi wannan hisabi ba a biya da dala.

Ya 'yan uwa, ga bazara ta zo, na san da yawanku kun fara fito da tantuna daga gareji. Kuna tambayata, Malam, inshora ta halatta ko ba ta halatta ba? Malamai sun yi saɓani a kanta. Akwai masu hanawa, akwai masu halattawa saboda lalura, akwai kuma tsarin taimakon juna da ake kira takaful ga wanda ya samu. Ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa, ka bi da zuciya ɗaya.

Idan za ka yi, ka je ka zauna da masu aikin, ka tambaya me ta ƙunsa, me ba ta ƙunsa ba. Ka gaya musu gaskiyar abin da kake yi da kayan, na iyali ne ko na sana'a. Idan sun ce za su duba, ka bari su duba. In asara ta same ka, ka faɗi abin da ya lalace, kada ka ƙara ko turke ɗaya. Cewa kamfani ne mai kuɗi, ko na waɗanda ba Musulmi ba, bai halatta maka ƙarya ba.

Idan kuma ka ga ba za ka yi ba, to ka buɗe baki ka gaya wa duk wanda zai ba ka ɗansa cewa babu. Ka bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Amma wane malami ne ya taɓa halatta ka rantse a kan abin da babu? Wane malami ne ya ce ka rufe aibi, ka kira mutane su zauna a ƙarƙashinsa? Ba rashin inshora ne ya halaka mutumin nan ba. Girman kai ne ya hana shi jin shawara, ƙarya ta rufe girman kan, sannan kowace ƙarya ta nemi wata ta tallafe ta, har ya ja marainiya da uwarta cikin ramin.

Kowannenmu ya duba kansa. Wataƙila naka ba tanti ba ne. Wataƙila birkin motar da kake ɗaukar fasinja da ita ne. Wataƙila wata magana ce da ka faɗa wa matarka, ka san ba haka take ba. Ka gyara yau, tun kana iya gyarawa da hannunka, tun wanda za ka nemi gafararsa yana iya jin muryarka.

Ya Allah, ka ba Afnan lafiya da haƙuri, ka saka wa mahaifiyarta da alheri. Ka tsare harsunanmu daga ƙarya, ka tsare zukatanmu daga girman kai. Kada ka ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu da duk wanda aka ba mu amanarsa. Amin.